Alaji ne ke kawo mini gajiyar da ba ta ƙarewa?

Tambaya: "Assalamu alaikum Likita. Ni malamar firamare ce a Argungu, shekaruna 34, 'ya'yana uku. Bara waccan da damina na yi wani zazzaɓi mai zafi da ciwon maƙogwaro, har kaluluwa ta fito mini a wuya. Zazzaɓin ya tafi, amma jikina bai koma daidai ba har yau. Ko barcin awa tara na yi, sai in tashi jiki a mace. In na yi wanki mai yawa ko na je biki, ranar ba na jin komai sosai, sai washegari ko jibi in kasa tashi, kai ya yi nauyi, in riƙa mantuwa har a gaban ɗalibai. Kuma tun daga lokacin, ƙurar hunturu da turaren wuta da ƙurar casar shinkafa suna sa ni atishawa da toshewar hanci, wani lokaci borin jini ya feso mini, alhali da ba haka nake ba. An yi mini maganin maleriya da taifot ba adadi. Wani gwajin jini ya nuna wai IgE ɗina ya hau, aka ce alaji ne ke cin garkuwar jikina. Mai kemis ya ba ni deksa da Piriton, na ɗan ji daɗi, abin ya dawo. Shin alajin ne ya kawo gajiyar? In na magance shi zan warke? Ko garkuwar jikina ce ta yi rauni in nemi maganin ƙara ta?"

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Sannu da fama, Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne.

Idan na fahimce ki, abu uku kike son sani: ko alajin da ya taso miki shi ne tushen wannan gajiya, ko magance shi zai raba ki da ita, da kuma ko garkuwar jikinki ce ta yi sanyi har take buƙatar a ƙara mata ƙarfi. Bari in fara da gajeriyar amsa. Alaji da irin gajiyar da kika kwatanta sukan haɗu a jikin mutum ɗaya, kuma dukansu akwai hannun garkuwar jiki a ciki. Amma an shafe shekara kusan 40 ana bincike, ba a samu hujjar cewa alaji ne ke haifar da ciwon ba. Ya kamata a magance miki alajin, kuma za ki samu sauƙi na gaske, sai dai kada ki sa rai gajiyar za ta bi shi ta tafi gaba ɗaya. Maganar rauni kuwa, abin da ake gani a masu wannan ciwo ya fi kama da rikicewar garkuwa fiye da ƙarancinta.

Ban duba ki da hannuna ba, don haka ba zan yanke hukunci daga saƙo in ce ga ciwonki ba. Amma akwai magana ɗaya a cikin bayaninki da ta sa na tsaya na sake karantawa, wato cewa ranar da kika yi aikin ba kya jin komai sosai, sai washegari ko jibi jikin ya rushe. Mai ƙarancin jini yana haki a lokacin da yake aikin, in ya zauna ya huta sai ya dawo daidai. Mai ciwon damuwa sau da yawa in ya daure ya fita ya shiga mutane yakan ji sanyi a ransa. Gajiyar da take jinkiri, ta zo bayan awa 12 zuwa 48, ta kwantar da mutum kwanaki, ita ce babbar alamar ciwon da likitoci ke taƙaita sunansa da ME/CFS, wanda ni nake kira wa marasa lafiyata ciwon gajiya mai naci.

Ciwon da bayaninki ya yi kama da shi

Ba sabon ciwo ba ne. A 1955 ya ɓarke a asibitin Royal Free da ke Landan, ya kwantar da ma'aikata kusan 300, mafi yawansu nas-nas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa tun 1969. A 1988 aka raɗa masa sunan CFS, wanda ya fi shahara da shi a Amurka, bayan wata ɓarkewa a jihar Nebada. Ba kuma ciwon Turawa kaɗai ba ne: wani bincike da aka wallafa a 2007 kan manya a Najeriya ya ƙiyasta cewa kashi 0.68 cikin ɗari na ɗauke da shi, wato kusan mutum 7 cikin 1,000. Ya fi kama mata fiye da maza nesa ba kusa ba.

Ƙa'idar da kwamitin masana na Amurka ya fitar a 2015 ta ce sai an samu raguwar ƙarfi mai tsanani na wata shida, da wannan rushewar jiki bayan aiki, da barcin da ba ya wartsakarwa, sannan ko dai dushewar tunani da mantuwa, ko jiri da bugun zuciya idan mutum ya daɗe a tsaye. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa likitoci ƙa'idojin jinya, a 2021 ta ce wata uku ma ya isa a tabbatar da shi. Kin ambaci kusan duka. Har yau babu gwajin jini guda ɗaya da ke nuna ciwon kai tsaye. Da labarin mara lafiya ake gane shi, bayan an bincika an cire sauran cututtukan da ke kawo gajiya.

Inda garkuwar jiki ta shigo

Yawancin masu ciwon, in ka tambaye su, za su iya nuna maka watan da abin ya fara, kuma galibi bayan wani zazzaɓi ne, kamar yadda ya faru da ke. Binciken da ya fi bayyana wannan an yi shi ne a yankin Dubbo na ƙasar Ostareliya, aka wallafa a 2006. An bi diddigin mutum 253 da suka kamu da ɗaya daga cikin cututtuka uku daban-daban, ciki har da ƙwayar cutar EBV mai kawo zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kaluluwa. Bayan wata shida, kusan kashi 11 cikin ɗari sun cika sharuɗɗan ciwon gajiya mai naci. Abin lura shi ne, adadin ya yi kusan daidai a dukan cututtukan uku, kuma abin da ya fi nuna wanda zai faɗa ciki shi ne tsananin ciwon farko, ba halin mutum ko yanayin zuciyarsa ba. Ma'ana, ba nau'in ƙwayar cutar ne kaɗai abin dubawa ba, har da yadda jiki ya mayar mata da martani. Bayan annobar korona an sake ganin haka a duniya baki ɗaya, domin da yawa daga waɗanda jikinsu bai koma daidai ba alamunsu iri ɗaya ne da waɗannan.

Ki tuna yadda kike ji ranar farko ta zazzaɓi: kasala, ciwon gaɓoɓi, nauyin kai, ƙin hayaniya, son kwanciya. Yawancin wannan ba ƙwayar cutar ce ke yin sa da kanta ba. Fararen ƙwayoyin jini ne ke sakin wasu sinadarai na isar da saƙo, ana ce musu saitokayin, su kuma su umurci ƙwaƙwalwa ta kwantar da mutum don jiki ya tattara ƙarfinsa wajen yaƙi. Mun san haka tabbas, domin a da, da ake yi wa masu ciwon hanta allurar intaferon, wanda ɗaya ne daga cikin waɗannan sinadarai, babban kukansu shi ne gajiya da mutuwar jiki irin ta mai zazzaɓi. Tunanin masana da dama shi ne, a ciwon gajiya mai naci wannan umurni bai janye ba bayan cutar ta wuce.

An nemi shaidar haka a cikin jini, an kuma samu wasu alamu. Tun ƙarshen shekarun 1980 bincike da yawa sun nuna cewa wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini da ake kira NK, masu kashe ƙwayoyin jikin da cuta ta shiga, aikinsu ya ragu a masu ciwon. A 2015 masana a Jami'ar Columbia sun ga cewa waɗanda ba su wuce shekara uku da ciwon ba saitokayin ɗinsu a sama yake, waɗanda suka daɗe kuma ya yi ƙasa. A 2017 Jami'ar Stanford ta gwada marasa lafiya 192 da masu lafiya 392, ta samu sinadarai 17 da ke hawa daidai da tsananin ciwon. A asibitin Charité na Barlin an samu, a wani kaso na marasa lafiya, garkuwar jiki tana ƙera makamai a kan wuraren da ke karɓar saƙon jijiyoyin da ke sarrafa bugun zuciya da buɗewar hanyoyin jini. Sai kuma a 2025 Jami'ar Edinburgh ta fitar da sakamakon farko na binciken ƙwayoyin gado na mutum sama da 15,000 masu ciwon, inda aka samu wurare 8 da suka bambanta da na sauran jama'a, kuma suna da alaƙa da garkuwar jiki da jijiyoyi.

Duk da haka, wajibi ne in faɗa miki ɗaya ɓangaren. Waɗannan bambance-bambance ana ganin su ne idan an kwatanta taron marasa lafiya da taron masu lafiya. Ba su kai a ɗebi jinin mutum ɗaya a ce ga ciwon ba, kuma wani binciken yakan saɓa wa wani. Gwaji mafi girma da aka yi na danne garkuwar ma bai yi nasara ba. Likitoci biyu a birnin Bergen na ƙasar Norwe, Fluge da Mella, sun lura wani maganin ciwon daji mai suna rituksimab, wanda ke share wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini, kamar yana taimaka wa masu ciwon. Ƙananan gwaje-gwajen farko sun ba da fata sosai. Da aka yi babban gwaji da mutum 151, aka wallafa a 2019, sai ya zamana waɗanda aka ba maganin ba su fi waɗanda aka ba ruwan gishiri samun sauƙi ba. Na kawo wannan ne don duk wanda ya ce miki yana da maganin da ke gyara garkuwa ya warkar da wannan ciwo, ki san ya faɗi abin da manyan asibitocin duniya ba su kai gare shi ba.

To, alajin fa?

Alaji na ainihi yana da hanya sananniya. Jiki ya ɗauki abu marar illa, kamar ƙurar gida ko garin furen ciyawa ko kashin kyankyaso, a matsayin abokin gaba, sai ya ƙera masa makami da ake kira IgE. Wannan makami yana maƙale a jikin wasu ƙwayoyi da ake kira mast, waɗanda ke zaune a fata da hanci da huhu da hanji. Da zarar abin ya sake shigowa, sai su saki histamin, shi ne ke kawo atishawa, ruwan hanci, ƙaiƙayin ido da borin jini.

A 1988 Stephen Straus da abokan aikinsa a Cibiyar Binciken Lafiya ta Amurka suka ba da rahoton cewa mafi yawan masu ciwon gajiya da suka duba suna da tarihin alaji. Daga nan aka fara zargin ko shi ne musabbabi. Binciken da suka biyo baya sun sanyaya wannan zargi. Marasa lafiyar suna yawan kukan toshewar hanci da rashin jure ƙamshi da hayaƙi, hakan gaskiya ne, amma da aka auna IgE ɗinsu, sau da yawa bai fi na sauran jama'a ba. A 1996 kuma aka gwada ba su maganin histamin na tsawon wata biyu, gajiyar ba ta motsa ba. Da alaji ne tushen ciwon, da an ga canji.

Yadda ni na fahimci abin daga marasa lafiyar da nake gani shi ne, abubuwa biyu ne ke cakuɗuwa. Wasu suna da alaji na ainihi, tun da ma ya yawaita a cikin jama'a, kuma yakan tsananta bayan ciwon ya kama su. Wasu kuma hancinsu da fatarsu da hanjinsu ne suka zama masu saurin harzuƙa ba tare da IgE ba: jijiyoyin wurin da ƙwayoyin mast suna tashi da abu kaɗan, ƙamshin humra, hayaƙin itace, maganin sauro na kunnawa, sauyin sanyi da zafi. Mutumin da haske da ƙara suka fara damunsa bayan ciwon, ba abin mamaki ba ne ƙamshi ma ya dame shi. Turaren wuta da kika ambata ya fi shiga wannan rukuni na biyu. Ƙurar casar shinkafa kuwa tana iya zama kowanne, domin tana ɗauke da ƙananan ƙwari da funfuna da ke jawo alaji na gaske, har da asma.

Akwai kuma hanyar da alaji ke gajiyar da mutum da kansa, kuma a nan ne ribar maganinsa take. Hancin da ya toshe yana hana barci mai nauyi. Asmar dare tana tashin mutum da tari ba tare da ya san ita ce ba. Piriton da aka ba ki yana sa barci da nauyin kai har washegari, wato yana ƙara ainihin abin da kike kuka da shi. Na taɓa duba wani saurayi mai aiki a injin casar shinkafa da ya zo da gajiyar da ta hana shi aiki, ashe asma ce ke hana shi barci. Da aka ba shi abin shaƙa, ya riƙa sa takunkumi a wurin aiki, ya warware sarai, domin shi ba shi da wancan rushewar jiki bayan aiki. Na kuma duba mata masu labari irin naki, waɗanda hancinsu ya buɗe, borin jinin ya lafa, barcinsu ya gyaru, amma in suka wuce iyakar ƙarfinsu har yanzu sai sun kwanta. Kamar wanda ya ɗauko buhun shinkafa ne aka ɗora masa ƙullin gero a kai: sauke ƙullin sauƙi ne da zai ji a wuyansa, buhun dai yana nan.

Takardar IgE a ƙasar fadama

Wannan wuri nake so ki fi riƙewa, domin a nan ake yawan ɓatar da mutanenmu. Jiki ba don alaji kaɗai yake ƙera IgE ba. Asalin aikinsa yaƙi da tsutsotsi ne. A ƙasashen da babu tsutsar ciki sosai, in IgE ya hau sai a ce alaji. A Argungu, Yawuri, Bunza, Suru da duk garuruwan da ke bakin gulbi da fadama, inda ake shiga ruwa don dashen shinkafa da su da wanki, tsargiya da tsutsar ciki sun isa su ɗaga IgE ya ninka sau da yawa, su kuma ɗaga wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil. Tsutsotsin nan suna iya kawo borin jini, tari, ƙarancin jini da gajiya. Don haka takardar da ke hannunki ba ta tabbatar da alaji ba, balle ta nuna yana cin garkuwarki. Abin da ta ce shi ne a gwada fitsari da bayan gida. In an samu tsargiya, maganinta firazikwantel ne, kuma yana da sauƙin samu.

Haka maganar maleriya da taifot. Binciken maleriya na ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran Kebbi na ɗauke da ƙwayar cutar a jininsu, adadi mafi yawa a Najeriya. A irin wannan wuri babba yana iya yawo da 'yan ƙwayoyin maleriya a jini ba su ne ke damunsa ba. Gwajin Widal guda ɗaya kuwa ba ya tabbatar da taifot, yana iya hawa saboda tsohon ciwo ko ma maleriyar kanta. Wanda aka yi wa maganin waɗannan biyun sau da yawa bai canza ba, lokaci ya yi da za a duba wani wuri.

Kafin wani likita ya ce miki ciwon gajiya mai naci ne, ya kamata ya auna yawan jininki da sinadarin ƙarfe, musamman ga mace mai haihuwa uku da al'ada. A duba suga, ƙoda, hanta, da aikin maƙoƙo. A yi gwajin ciwon hanta nau'in B da C da na ƙanjamau, kada ki ji nauyin wannan, kowa muke yi wa. In akwai tari, rama ko zufar dare, a nemi tarin fuka. In kina shan nonon da ba a dafa ba, a tuna da cutar burusela da ake ɗauka daga dabbobi, mai kawo zazzaɓi mai zuwa yana komawa da ciwon gaɓoɓi. In a gidanku ko maƙwabta ana daka dutsen zinariya, a auna dalma a jini. Abin da ya faru a Anka da Bukkuyum a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400, ya koya mana cewa manya ma takan kawo musu gajiya, ciwon ciki da mantuwa. A kuma tambaye ki halin zuciyarki da gaske, domin damuwa na iya zama tare da wannan ciwo, kuma tana da magani. Yawancin waɗannan gwaje-gwaje ana yin su a manyan asibitocin Birnin Kebbi, abin da ya gagara a tura ki asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Akwai gwaji ɗaya da ba ya cin ko kwabo. Ki kwanta minti 10 a ƙirga bugun zuciyarki, sannan ki tashi ki jingina da bango ba motsi, a riƙa ƙirgawa har minti 10, da wani a kusa ko da jiri zai ɗebe ki. In bugun ya ƙaru da 30 ko fiye a minti ɗaya ya kuma tsaya a haka, ki faɗa wa likita. Wannan matsala tana yawan rakiyar ciwon, kuma malami mai tsayuwa gaban allo tun safe ya fi kowa jin ta.

Deksa da magungunan ƙara garkuwa

Ina roƙonki, Malama, ki rabu da deksa ta hanyar da ta dace. Daɗin da kika ji na gaske ne, domin tana danne kumburi ta kuma ɗaga kuzari na ɗan lokaci. Amma an gwada 'yar'uwarta haidirokotizon a masu wannan ciwo a Amurka a 1998, sauƙin da aka samu kaɗan ne, kuma a wasu maganin ya danne halittar da ke saman ƙoda mai samar da irin wannan sinadari a jiki, har masu binciken suka ce bai dace a riƙa ba da shi ba. Deksa ta fi shi ƙarfi sau da yawa. Tana ɗaga suga da hawan jini, ta kumbura fuska, ta cinye ƙashi, ta farkar da tarin fuka ko ciwon hanta da ke kwance. Akwai ma wata tsutsar ciki da ke bazuwa cikin jiki duka idan aka sha irin wannan magani, har ta yi kisa. In kin sha ta fiye da mako uku a jere, kada ki yanke lokaci ɗaya, hakan ma haɗari ne. Ki kai wa likita kwalin ya tsara miki yadda za ki rage a hankali.

Magungunan da ake talla a rediyo da motocin kasuwa da sunan ƙara garkuwa, ba a nuna ko ɗaya yana warkar da wannan ciwo ba, kuma wasu haɗe-haɗen akan samu irin su deksa a ɓoye a ciki. Ƙarin ruwa yakan sa mai jirin tsayuwa ya ji daɗi na yini ɗaya, amma ruwan sha mai yawa da gishiri daidai gwargwado suna yin wannan aikin ba tare da huda jijiya ba, muddin ba ki da hawan jini ko ciwon ƙoda. Zuma da habbatus sauda a matsayin abinci ba ni da ja a kansu. Addu'a da ruƙiyya ma ba sa karo da zuwa asibiti. Abin da ke ci mini rai shi ne in ga mace ta sayar da awakinta da 'yan kunnenta wajen neman karya sammu, alhali ba a taɓa auna jininta ba.

Abin da za ki iya yi

Ga alajin, likita zai iya canza miki Piriton da loratadin ko setirizin, waɗanda ba su cika sa barci ba. Ki fara da kaɗan, domin masu wannan ciwo sukan ji ƙarfin magani fiye da sauran mutane. Ga toshewar hanci, maganin fesawa irin su fulutikazon ya fi kowanne aiki idan aka dage da shi kullum na makonni, kuma abin da ke shiga jini daga gare shi ɗan kaɗan ne, ba kamar ƙwayar deksa ba. Maganin ɗigawa mai buɗe hanci nan take kuwa kada ya wuce kwana biyar zuwa bakwai, in ba haka ba hancin zai ƙara toshewa. Wanke hanci da ruwan da aka tafasa ya huce, da ɗan gishiri, yana fitar da ƙurar hunturu. Ki sa takunkumi in ƙura ta taso, a yayyafa ruwa kafin shara, a yi casa da shiƙa nesa da ɗakinki, ki koma gidan sauro maimakon maganin kunnawa, turaren wuta kuma a sa shi lokacin da ba kya ɗakin. In kina jin ƙirji na kuka da dare, a duba asma. In kuwa wata rana borin jini ya zo da kumburin leɓe ko harshe ko sarƙewar numfashi, wannan na gaggawa ne, asibiti kai tsaye, allurar adirenalin ce maganinsa.

Game da abinci, kada ki bi masu cewa ki bar komai. Wani bincike a Jami'ar Johns Hopkins a 2016 ya samu kusan kashi ɗaya cikin uku na matasa masu ciwon ba sa jure madarar shanu, kuma sun ji sauƙi da suka bar ta. In kin lura fura da nono na sa ki ciwon ciki, ƙwarnafi ko saurin ƙoshi, ki bar nono da madara na mako biyu zuwa huɗu ki gani, sannan ki dawo da su ki sake gani. Abu ɗaya a lokaci ɗaya. In ba bambanci, ki ci gaba da shan abinki.

Ga gajiyar kanta, abin da ya fi taimaka wa marasa lafiyata shi ne sanin iyakar ƙarfinsu da tsayawa kafin su kai ta. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta aikin da kika yi kowace rana da yadda kika tashi kwana biyu bayansa. Cikin 'yan makonni za ki ga abin da ke kayar da ke. Ki raba wanki gida uku, ki yi girki a zaune, ki kwanta ki huta tsakanin aiki da aiki tun kafin jiki ya nema. Ranar da kika tashi da ƙarfi ita ce mai haɗari, domin ranar ce za ki so ki biya duk aikin da ya taru. Aikin ƙwaƙwalwa ma aiki ne: makin jarrabawa, hayaniyar aji, zaman gidan biki, duk suna ci daga ƙarfin nan guda. In wani ya ce ki daure ki riƙa ƙara motsa jiki kowane mako har ki saba, ki sani hukumar NICE ta janye wannan shawara a 2021 saboda marasa lafiya da yawa sun ce ta ƙara musu ciwo. Zafin bazara na watan Maris zuwa Mayu yana tsananta jiri, sai ki mai da ayyukanki sanyin safiya. Sallah a zaune ga wanda tsayuwa ke cutarwa sauƙi ne da addini ya bayar. Azumi kuma ki tattauna da likitanki da malamin da kika amince da shi tun kafin watan ya kama, domin rashin ruwa na yini guda yakan kayar da masu jirin tsayuwa.

Kin tambaya ko za ki warke. Wani nazari na 2005 da ya tattara bincike da dama ya nuna waɗanda suka warke sarai cikin manya kusan kashi 5 ne cikin ɗari, waɗanda suka samu sauƙi kuma kusan kashi 40. Ba adadi ne mai daɗin ji ba, amma a lura yawancinsu marasa lafiyar da suka daɗe ne a manyan asibitoci, kuma ke ba a ma gama tantance naki ba tukuna. In gwaji ya fito da tsargiya, ƙarancin jini ko matsalar maƙoƙo, labarin ya canza gaba ɗaya.

Ranar da za ki asibiti, ki tafi da maigida ko wata babba daga gidanku, su ji bayanin daga bakin likita. Mai wannan ciwo fuskarsa ba ta nunawa, shi ya sa ake saurin ce masa rago ko mai son jiki, kuma na ga yadda wannan magana ke sa mata su tilasta wa kansu aiki har ciwon ya ƙaru. Ki tafi da ɗan littafin nan da duk kwalayen magungunan da kika sha, har na gargajiya. In an tabbatar da ciwon, ki nemi likita ya rubuta wa hedimasta takarda a rage miki darussa, a ba ki kujera a gaban aji, a ɗauke miki tsayuwar taron safe da aikin sa ido a filin wasa.